Ku ja kunnen yaranmu kan tsaunukan Alp

Salamu alaikum. Wallahi labarin yadda dusar ƙanƙara ke zaftarewa tana binne mutane a tsaunukan Alp na Turai ya tada min hankali, don mu nan Tawa yara nawa ne suka wuce Libiya suka faɗa Italiya, yanzu suna neman tsallakawa Faransa da ƙafa ta ƙauyen Montgenèvre da ke bakin iyaka zuwa garin Briançon, cikin dare, cikin hunturu, da takalmin kanti? Yaron da iyakar sanyin da ya sani shi ne na Janairu a Adar.

Abin da mutanenmu ba su gane ba, dusar nan hawa-hawa take kwanciya, ta sama iska ta danne ta ta yi tauri amma ta ƙasa garas-garas kamar sukari, kana takawa sai faifan gaba ɗaya ya tsage ya sulale da kai, kuma yawanci wanda ta binne shi da kansa ko abokin tafiyarsa ne ya tada ta. Gangara mai karkatar digiri 30 zuwa 45 ita ce mugunyar. Météo-France, hukumar hasashen yanayi ta Faransa, na fitar da matakin haɗari kullum cikin hunturu daga 1 zuwa 5, kuma a mataki na 3 aka fi mutuwa saboda mutane na raina shi. In ta rufe mutum, minti 15 na farko ne ake da fatan tono shi da rai, bayan nan numfashi ke ƙarewa.

Don Allah iyaye da yayye, in yaronku ya kira ku a WhatsApp ku ce ya dakata, kar ya hau bayan sabuwar dusa ta zuba ko an yi iska. Lambar agaji can 112 ce, kyauta. Allah ya tsare mana su.