Wandon da Na Ciro Daga Hannun Riga

Ƙanwata ce ta ja mini. Ta tarar da ni ina ware tsofaffin kaya, ta ɗaga wata shat ta maigida mai dogon hannu, shuɗiya mai siririn layi, wadda kwalarta ta cinye, ta ce, "Yaya, wannan kam sai tsumman goge ƙura." Na karɓe ta na ce ashe har yanzu ba ta san ɗinki ba. A jikin rigar nan akwai wandon Auta da rigarsa, kuma kafin awa biyu za ta gan shi sanye da su. Na ce ta jawo kujera ta zauna ta koya. Da na san abin da ke gaba, da aikenta na yi.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Hannun rigar babba, in ka cire shi, ƙafar wandon yaro ce da aka riga aka ɗinka maka. Ɗinkin da ya taso daga hamata zuwa wuyan hannu shi ne zai zama ɗinkin cikin cinya. Bakin hannun mai maɓalli shi ne ƙasan wando, ba ruwanka da kalmasa. Abin da ya rage maka kawai ka yanka hantsa, ka haɗa ƙafafun biyu, ka yi ƙubaka ka zura roba.

Na ɗauko tef na auna yaron, shekararsa uku: ƙugu inci 20, mazaunai 22, daga hantsa zuwa idon sawu 14, daga ƙugu zuwa idon sawu 21. Na auna hannun rigar daga kafaɗa zuwa baki, inci 24. Na yi lissafi a ka: 21 da inci ɗaya da rabi na ƙubaka, 22 da rabi, har da rara. Na dubi ƙanwata na ce, "Kin gani? Kamar don shi aka yi ta."

Abin da ban tsaya na duba ba shi ne, kan hannun riga ba a miƙe yake ba, tudu ne. Inci 24 ɗin nan a tsakiyar tudun kaɗai yake, kuma tsakiyar tudun a gefen ƙugun yaro take faɗawa, inda babu mai buƙatarta. Ta wajen hamata tsawon 19 da rabi ne kacal, kuma ta nan ne ɗinkin gaba da na baya suke hawa. Da na shimfiɗa hannayen na zana hantsa da alli, na ga saman yana gangarewa, sai na sa almakashi na daidaita shi a inci 21, ban ce uffan ba. Ƙanwata ta ce, "Yaya, ba 22 da rabi kika ce ba?" Na ce mai koyo kallo yake yi, ba tambaya ba.

Nan kuma na yi wata ƙwarewar da ba wanda ya roƙe ni. Tsagar bakin hannu da maɓallanta a bayan hannu suke. In ka sa hannun dama a ƙafar dama, na hagu a ta hagu, maɓallan a baya za su zauna, saman diddige. Ni kuwa ado nake so a gani, sai na musanya su: hannun dama ya koma ƙafar hagu, na hagu ya koma dama, maɓallai suka dawo gaba suna ƙyalli. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Haɗa ƙafafun ba wuya. Ka juya ɗaya a bai-bai, ka zura ɗayar a cikinta fuska da fuska, ɗinkin ciki a kan ɗinkin ciki, ka kafa fil, ka bi lanƙwasar hantsa daga gaba zuwa baya da rarar rabin inci. Na zauna, na taka keke, na ji ƙara kamar ana tauna tsakuwa. Na ɗaga yadin, sama lafiya lau, ƙasa kuwa zare ya cukurkuɗe kamar gashin da ya shekara bai ga mataji ba. Duk wanda ya ga haka bobin yake fara zargi, alhali laifin zaren sama ne. Na zura shi ƙafar keken tana sauke, kuma in tana sauke faifan nan biyu da ke matse zare a rufe suke, zaren bai shiga tsakaninsu ba, yana ta zuba ƙasa ba mai riƙe shi. Na ɗaga ƙafar, na sake zurawa, na ce wa ƙanwata da gangan na yi don ta ga yadda abin yake.

Ana isa tsakiyar hantsa allura ta ce ƙas. Ɗinkin hannun shat naɗaɗɗe ne, ninki huɗu, inda biyu suka haɗu takwas ke nan, ni kuma ina kan allura lamba 11 da gudu kamar ana kora ta. Wurin nan lamba 14 yake so. Ka ɗan bubbuge shi ya kwanta, ka naɗe ƙyalle ka sa a bayan ƙafar keken don kada ta ɗaga hanci, sannan ka juya keken da hannu, ɗinki ɗaya bayan ɗaya, har ka wuce tudun. Hakan na yi da allura ta biyu, na kuma maimaita ɗinkin hantsar sau biyu, don nan ne wandon yaro ke fara ba da kai.

Ƙubaka: na naɗe rabin inci, na sake naɗe inci ɗaya, na bar ƙofa. Roba mai faɗin kwata uku na inci, na yanka 19, wato ƙugu a rage ɗaya. Fil ɗin da na ja ta da shi ya tafi lafiya har ya isa ɗinkin baya, ya shige ƙarƙashin rarar ɗinkin da ban kwantar da dutsen guga ba, ya buɗe a ciki. Minti goma ina lallashinsa ta bayan yadi, yana soka mini yatsa. Da ya fito kuma sai ɗaya bakin robar ya bi shi ciki, don ban kafe shi a ƙofa ba. Ƙanwata ta fita wai za ta sha ruwa. Ina jin dariyarta daga inda nake.

Aka kira Auta aka sa masa. A tsaye, wallahi ya yi kyau, maɓallai a gaba kamar wani babban ma'aikaci. Sai ya hango bobin a ƙasa ya duƙa zai ɗauka. Wandon ya yi sallama da bayansa. Rabin mazaunai a waje, yaron kuma ko a jikinsa, yana ta juya bobin. Daga hantsa zuwa ƙugu inci 7 ake nema a gaba, 8 a baya, saboda bayan mutum ne ke cin yadi in ya zauna. Nawa 5 da rabi ne gaba da baya, adalci tsantsa.

Gyaran ya ci awa guda. Na farke ƙubakar da reza, na goge naɗin ya miƙe, tsawo ya koma 21. Na yanko ƙyalle daga bayan rigar ta tsawonta, faɗin inci 4, tsawon 26, na haɗa bakinsa ya zama zobe, na ninka biyu. Kafin in ɗora shi na zaftare inci ɗaya daga tsakiyar gaban wandon, a karkace zuwa gefe, don gaba ya sauka baya ya tsaya. Da aka ɗinka, baya ya ba da 8, gaba 7. Na kwantar da duk rarar ɗinki da guga kafin fil ya sake shiga, na kafe bakin robar, na haɗa ta da rabin inci a kan juna, sannan na tsaga ɗinki a tsaye a gefuna biyu don kada ta murɗe in an wanke. Auta ya duƙa, ya zauna, ya yi tsalle, asiri a rufe.

Da na tsaya a nan da na tsira da sauran mutuncina. Amma na yi alkawarin riga.

Na cire aljihun gaba, sai ga wurinsa ya fito shuɗi sabo fil, murabba'i guda a tsakiyar yadin da ya koɗe, da layin ramukan allura kewaye da shi. Rana da sabulu sun ci ko'ina ban da nan. Na sauko da yankan ƙasa don in kauce masa, wanda dama shi ne daidai, tun da ƙasan shat yana da kalmasarsa. Na bar layin maɓallan a tsakiyar gaba. To, maɓallan babba kusan inci uku da rabi ne tsakaninsu, a cikin yaro mai tumbi sai su riƙa buɗe baki. Maganin da na ga ya dace shi ne in bi layin da ɗinki daga ƙasa har wuya in rufe shi ruf, maɓallan su zama na ado. Na zagaye wuyan da siririn ƙyallen da aka yanka a karkace, ya kwanta luf, inci 13. Wuyan yaron 10 ne, har na ce na sakar masa.

Kan yaron ban auna ba. Inci 20 ne. Kan ɗan shekara uku bai fi inci biyu ko uku ya rage ya kamo na babba ba, jikin ne ƙarami, kuma yadin shat ba ya miƙewa ko kaɗan. Rigar ta sauka ta tsaya a saman kunnuwa kamar hula. Na ja, ta ƙi. Auta daga ciki ya ce, "Umma, an ɗauke wuta." Ƙanwata ta zame daga kujera. A daidai lokacin maigida ya leƙo, ya ga ƙafafu biyu cikin hannayen rigarsa, sama kuma sauran rigar tana yawo ba kai, ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce, "Sannunku da aiki," ya juya.

Ƙa'idar ita ce wuyan rigar da ba ta miƙewa ya fi kai da inci ɗaya ko biyu in an buɗe shi. Kowane inci na tsaga yana ƙara biyu, gefe da gefe, saboda haka na farke inci huɗu daga sama: 13 da 8, 21 ke nan. Maɓallai biyu na sama suka koma bakin aikinsu, na ƙara musu zare sosai, don abin da ya tsinke a rigar ƙaramin yaro baki yake nufa. Awa biyun da na yi alkawari ta zama shida.

Kwana uku Auta yana yawo da kayansa, ina ta nuna wa duk wanda ya shigo. A rana ta huɗu ya durƙusa yana tura mota a ƙasa, na ji fyat. Gwiwar dama ta leƙo. Kafin in ƙarasa wurinsa, ta hagu ma ta biyo ta.

Na cire wandon na ɗaga shi a hasken taga, abin da ya kamata in yi tun kafin almakashi ya taɓa rigar. Wurin, faɗin tafin hannu, ya zama kamar rariya. Nan ne gwiwar hannun maigida ta yi shekaru tana gogar tebur. Tana bayan hannu, layi ɗaya da tsagar maɓalli. Da na bar kowane hannu a ƙafarsa, da ta ɓuya a bayan gwiwar yaro inda ba abin da ke taɓa ta. Ni ce na juyo da ita gaba saboda maɓalli, na ɗora gwiwar uba a kan gwiwar ɗa.

Faci ba ya kama ruɓaɓɓen yadi sai ya wuce shi da inci ɗaya ta kowane gefe ya sami mai ƙwari. Aljihun da na cire ya isa, amma ɗaya ne, gwiwa kuma biyu, sauran rigar duk ta tafi a ƙubaka da wuya. Na kira ƙanwata a waya ko tana da shawara. Ta ce, "Yaya, mai koyo kallo yake yi."

Na auna inci 5 daga hantsa, na datse ƙafafun biyu, na naɗe rabin inci sau biyu na kalmashe. Gajeren wando ne mai kyau, ba laifi. Auta ya duba ƙasa bai ga maɓallansa ba, ya ɓare baki, sai da na tsamo masa guntayen daga kwandon ƙyalle na yanke masa bakin hannayen. Tun ranar yake ɗaura su a wuyan hannu, ɗaya dama ɗaya hagu, wai agogo ne, kuma duk wanda ya tambaye shi ƙarfe nawa sai ya ce shida.