Tsoka Tana Aika Wa Kitse Saƙo

'Yan'uwana matasan Kaduna, tumbi ya fara zama ruwan dare a tsakaninmu tun kafin mu cika shekara arba'in, kuma abin da ya fi damuna shi ne har yanzu wasu na ɗaukarsa alamar hutu da samun wuri. Mutum zai hau keke napep don tafiyar da ba ta wuce minti goma a ƙasa ba, ya wuni a kujerar ofis ko ta shago, da dare kuma ya jiƙa shayin rage tumbi yana jiran ikon Allah.

Kitsen da ke taruwa a cikin ciki, kewaye da hanji da hanta, ba a kwance yake kawai ba. Yana fitar da sinadarai masu sa jiki ya daina jin insulin, wato sinadarin da ke daidaita suga a jini, yadda ya kamata, kuma ta nan ciwon suga yake samun ƙofa.

Tsoka ma tana da nata sinadaran. Duk lokacin da ta yi aiki, tana zuba wasu ƙananan furotin a cikin jini, waɗanda wata masaniya 'yar ƙasar Denmak, Bente Klarlund Pedersen, ta raɗa wa suna mayokin a 2003. Wanda aka fi sani shi ne IL-6, wanda yawansa a jini kan ninka har sau 100 bayan gudun fanfalaki, yana kuma tura jiki ya narkar da kitse ya ƙona shi. A wani bincike da aka wallafa a 2019, an sa masu tumbi a Denmak tuƙa keken motsa jiki na makonni 12, kitsen cikinsu ya ragu. Amma waɗanda aka ba maganin da ke toshe aikin IL-6, duk da gumin da suka yi, nasu bai ragu ba. Wannan saƙo ne da sai tsoka ta motsa yake fita, kuma babu shayin da zai aika shi a madadinta. Akwai kuma wani mayokin mai suna irisin, wanda aka gano a Jami'ar Harvard a 2012, sai dai mafi ƙarfin hujjarsa daga ɓeraye take, don haka kada wani ya ruɗe ku da sunansa a jikin kwalba.

Ina roƙonku kada ku yanke ƙauna don sikeli bai motsa ba bayan wata guda, domin kitsen ciki kan ragu alhali nauyi yana nan. Ɗaurin wando ya fi sikeli faɗin gaskiya a wannan fanni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, da kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka. Wanda ke kusa da Dandalin Murtala ya je can bayan sallar asuba, wanda ke Rigasa ko Tudun Wada ya zaga unguwa da sauri har numfashinsa ya ɗan ɗaga. Mai hawan jini ko ciwon zuciya kuwa ya fara ganin likita kafin ya soma.