Hawan jini ba ya jiran a ɓata miki rai

Farkon zuwana Ingila na je rajista a wajen likita, lafiyata ƙalau, sai ma'aikaciyar jinya ta ce in miƙo hannu a auna min jini. Na ce ai ni ba abin da ke damuna. Ko ta kula, ta ɗaura abin awonta. A lokacin dariya abin ya ba ni, amma yanzu na gane a nan muka sha bamban da su, ba a yawan asibitoci kaɗai ba.

Mu a gida ciwon ɓacin rai muka ɗauki hawan jini. Mace ta ce "jinina ya hau" don miji ko yara sun tayar mata da hankali, ta sha magani kwana uku, da rai ya yi sanyi ta ajiye. Yayata haka take yi, na yi magana har bakina ya gaji. Damuwa tana taka rawa, ban musa ba. Sai dai yawancin masu ciwon ba sa jin komai, yana can yana cin ƙoda da zuciya har ranar da ɓarin jiki zai shanye. A nan lamba ake bi: in awo ya yi ta kai 140 bisa 90, an kira shi hawan jini, ko kina cikin farin ciki.

Inda abin ya fi tsaya min a rai shi ne goyon ciki. Duk zuwa awo ungozoma sai ta auna jini ta duba fitsari, saboda akwai hawan jinin da kan taso bayan mako 20, wanda in an yi sake yake kaiwa ga jijjiga. Mu kuwa fuska da hannu su kumbura, kai ya yi ta sara, ido ya riƙa ganin dishi-dishi, sai a ce ai laulayi ne, a yi haƙuri. Kuma haihuwa ba ta rufe maganar, yana iya tasowa a makonnin jego, wadda ta taɓa yi kuma ya kamata ta ci gaba da awo ko bayan shekaru.

Ba wai matan nan sun fi mu hankali ba ne, su ma suna tsallake magani. An dai saba musu da awo tun kafin ciwo. Shi ya sa tsarabar da na aika wa yayata bana abin awon jini ce, kuma duk Juma'a sai ta karanto min lambar a waya.