Neman aiki a waje: don Allah a bar matasa su riƙa canza shawara

Akwai wata tambaya da take hana matasa da yawa sukuni, kuma daga bakin 'yan uwa da abokai take fitowa: "Wai kai har yanzu ba ka tafi ba?" Duk wanda ya taɓa furta cewa zai fita waje neman aiki ya santa. An yi maka addu'a, an yi maka fatan alheri, wasu har sun fara lissafa abin da za ka riƙa turo musu, sai ga shi wata uku wata shida kana nan ana ganinka kullum. To daga nan ne fa hankali yake fara gushewa, mutum ya fara karɓar duk abin da aka miƙo masa don dai kawai a ce ya hau jirgi.

Ni dai a ganina matashin da ya ɗage tafiya, ko ya canza ƙasa, ko ma ya fasa gaba ɗaya saboda ya zauna ya yi lissafi ya ga bai fita ba, wallahi shi ne ya gane yadda harkar take. Domin ita kanta ƙasar da yake son zuwa ba ta tsaya kan magana ɗaya ba, don me shi za a ce sai ya tsaya?

Ku dubi abin da ya faru a Birtaniya cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. A farkon 2024 aka hana mafi yawan ɗalibai 'yan ƙasashen waje zuwa da iyalansu. A watan Maris na 2024 ɗin aka yi wa masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya irin wannan hanin, a watan Afrilu kuma aka ɗaga mafi ƙarancin albashin da ake buƙata kafin a ba ƙwararren ma'aikaci biza daga fam 26,200 zuwa fam 38,700 a shekara, tsalle ɗaya fa. Zuwa Yulin 2025 aka rufe hanyar ɗauko masu aikin kula da tsofaffin daga waje baki ɗaya. Yanzu ka ɗauki yarinyar da ta shafe shekara guda tana kwas, tana tara takardu, tana jarrabawar Turanci saboda wannan hanyar, me ake so ta yi? Ta ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofar da aka riga aka toshe don kar a ce ba ta da tsayayyen ra'ayi?

Kanada ma haka. A Janairun 2024 gwamnati ta sa iyaka kan yawan izinin karatu da za ta bayar, kuma kuɗin da ake so ɗalibi ya nuna yana da su na zama suka tashi daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635, ninki biyu har da ɗoriya. Ba a ma maganar abin da ba gwamnati ce ta shirya shi ba. Ostareliya ta rufe iyakokinta a Maris 2020 saboda korona, sai Fabrairun 2022 ta buɗe wa masu ziyara, kusan shekara biyu. Ɗalibai da ma'aikatan da yaƙi ya rutsa da su a Ukraine a Fabrairun 2022, da waɗanda ya rutsa da su a Khartoum a Afrilun 2023, babu wanda ya rubuta gudun hijira a cikin shirinsa. Idan kiɗa ya canza dole rawa ta canza, wannan ba abin kunya ba ne.

Sai dai fa inda nake son a tsaya a natsu shi ne, ba kowane canji ne kuɗinsa ɗaya ba. Wanda ka yi kana gida, fasfonka a hannunka, ba ka ajiye aikin da kake yi ba, wannan mai arha ne, iyakaci ka yi asarar kuɗin fom da ɗan surutun mutane. Wanda za ka yi bayan ka sauka a ƙasar mutane shi ne mai cin rai, kuma abin haushi shi ne wanda aka fi zuga matasa su yi. "Kai dai ka shigo da bizar ziyara, in ka shigo za a gyara maka takardu." Sau nawa aka ji wannan maganar? Waye zai gyara? A wane ofis?

Bizar ziyara ta ziyara ce. A yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kwana 90 ake ba ka a cikin kowane kwana 180, kuma babu izinin aiki a ciki, in ka wuce ka zama mai zaman da ba bisa ƙa'ida ba, ana iya tasa ƙeyarka a kuma hana ka sake shiga na wani lokaci. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa yin aiki da bizar ziyara laifi ne a kan ma'aikacin da kuma wanda ya ɗauke shi. Kanada ta taɓa barin masu ziyara su nemi izinin aiki suna cikin ƙasar, sassauci ne na lokacin korona, amma ta soke shi a Agustan 2024, kuma har gobe za ka ga tsofaffin bidiyo suna yawo a TikTok da WhatsApp ana koya wa mutane wannan dabarar kamar jiya aka fito da ita. Ostareliya ma tun Yulin 2024 ta hana mai bizar ziyara ya juya ta zuwa ta karatu yana cikin ƙasar. Wato abin da yayanka ko abokinka ya yi shekara huɗu da suka wuce ya dace, kai in ka bi sawunsa yau kana iya faɗawa rami, kuma shi ba ƙarya ya yi maka ba, zamanin ne ya wuce.

Wanda yake son ya je ya nemi aiki da ƙafarsa, akwai ƙasashen da suka buɗe hanya ta musamman don haka. Jamus ta fara bayar da katin da take kira Chancenkarte a Yunin 2024, ana zama har shekara guda ana neman aiki, an yarda ka yi aikin wucin gadi na awa 20 a mako, amma sai ka cika sharuɗɗan karatu ko sana'a da na harshe, ka kuma nuna kana da abin da za ka ci da kanka. Daular Larabawa ma tun Oktoban 2022 tana da bizar neman aiki ta kwana 60 ko 90 ko 120 ga waɗanda suka cancanta. Ba kowa zai samu ba, gaskiya ne, amma ko banza mutum ya san irin wannan hanyar tana nan, kuma ba ita ce waccan da dillali yake sayar masa ba.

Ko wanda ya tafi da bizar aiki ta gaskiya ma bai tsira daga canjin shiri ba, don a wurare da yawa bizar a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauko ka. A Birtaniya in kamfanin ya rasa lasisinsa na ɗaukar baƙi, ko ya sallame ka, yawanci kwana 60 ake rage maka ka samu wani ko ka tattara. Kwana 60 a garin da haya ba ta jira! A ƙasashen yankin Gulf kuwa tsarin kafala ya daɗe yana ɗaure ma'aikaci a hannun mai gidansa. An yi gyare-gyare, Qatar a 2020 ta ba ma'aikata damar canza aiki ba sai da izinin mai gida ba, Saudiyya ma ta sassauta a Maris 2021, amma sassaucin na Saudiyya bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida ba, su ne kuwa suka fi shiga tasku. Shi ya sa tambayar da ya kamata matashi ya fara yi kafin ta albashi ita ce, in na je ban ji daɗin wurin ba, ko aikin ya ƙare, ina da ikon barinsa? Fasfona a hannun wa zai zauna? Waye zai biya kuɗin komawata? Kwantiragin da ba a yarda ka karanta shi kana gida ba, to ba a filin jirgi za ka fahimce shi ba.

Akwai kuma wani irin canjin da in ka ji shi to ka ja da baya, wato wanda dillali ko kamfanin ne yake kawo maka shi a ƙurarren lokaci. An ce maka aikin otel ne, ana saura kwana biyu a ce a'a na gona ne na ɗan lokaci. An ce ƙasa kaza, sai a ce za a fara sauke ku a wata ƙasar tukuna. Da irin wannan aka kwashi dubban matasa masu ilimi, masu jin Turanci da kwamfuta, aka ce musu aikin ofis ne a Thailand, suna sauka aka zuba su a mota aka tsallaka da su Myanmar, aka kulle su a gidajen da ake tilasta musu damfarar mutane ta intanet. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto a Agustan 2023 yana cewa aƙalla mutum 120,000 ne ake jin suna cikin wannan halin a Myanmar, wasu kimanin 100,000 kuma a Cambodia. Ina da yaƙinin da yawansu sun ji jikinsu ya ba su tun a hanya, amma an riga an biya kuɗi, an riga an yi sallama da gida, da wane ido za a koma?

Kuɗin da aka riga aka biya ɗin nan shi ne igiyar. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1997 ta rubuta a yarjejeniyarta mai lamba 181 cewa kamfanonin samar da aiki kada su caji ma'aikaci. A aikace kuwa matashi ne yake sayar da abin hannunsa ko ya ciwo bashi ya damƙa wa dillali, kuma daga ranar da ya biya ya daina tambaya, don ba ya son ya ji amsar da za ta nuna masa kuɗinsa sun tafi. Sai ya ƙara biya don ya ceto na farko. Shi kuwa dillali ya san wannan sarai, shi ya sa yake karɓa kashi-kashi.

Na san za a ce min to ai akwai waɗanda canza shawara ya zama musu sana'a, yau Kanada gobe Jamus jibi Dubai, shekara biyar suna cikin guruf-guruf na WhatsApp ba su cike fom ko ɗaya ba. Akwai su kam, kuma ba su nake karewa ba. Jinkiri ma yana da nasa farashin: sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS shekara biyu yake yi ya mutu, a tsarin Express Entry, wanda Kanada take zaɓar ƙwararrun baƙi da shi ta hanyar maki, makin shekaru yana fara raguwa da zarar ka cika 30, ƙofar da take buɗe bana kuma mun ga yadda ake rufe ta baɗi. Amma bambancin a bayyane yake, shi wannan yana canzawa ne don ya ga hoton wani a Instagram cikin dusar ƙanƙara, wancan kuwa ya canza ne don ya karanta shafin hukumar shige da fice ta ƙasar ya ga sharaɗin ya sauya. Kuma mai hankali ko ya ɗage tafiya ba ya ɗage shiri, yana nan yana koyon harshen, yana ƙara gogewa a sana'arsa, abubuwan da za su yi masa amfani ko ina ya dosa, ko da kuwa bai je ko'ina ba.

Maganar tikiti kuma, abin dariya ne yadda mutane suke gaggawar sayensa, kamar shi ne zai sa a ba su bizar. Ofisoshin jakadanci da yawa da kansu suke cewa kar ka sayi tikiti sai biza ta fito. Mafi arha shi ne wanda ba a mayar da kuɗinsa, canza rana kuma sai ka biya tara ka cika bambancin farashi, ba a kuma sauya suna a ba ƙaninka. Wani abin da da yawa ba su sani ba, in tikitinka na zuwa da dawowa ne ko mai zango biyu, ka ƙi hawa na farko ba ka sanar ba, yawancin kamfanoni soke sauran suke yi gaba ɗaya. Fasfo ma a duba, ƙasashe da dama suna son ya zama da sauran wata shida kafin ya ƙare, an sha mayar da mutane daga kan layin shiga jirgi saboda wannan kaɗai.

Amma gaskiya rabin laifin ba na matasan ba ne, namu ne mu da muke kewaye da su. Uwa ce take faɗa wa kowa ɗanta zai tafi tun ba a kira shi intabiyu ba, kawu ne da ya ba da gudummawa yake bugo waya duk mako yana tambayar ina aka kwana, abokai ne masu tsokanar "yallaɓai ba a tashi ba?" Yaron da ya dawo bayan wata huɗu saboda aikin da aka yi masa alkawari babu shi, maimakon a yi masa barka da ya dawo da ransa da fasfonsa, sai a bi shi da kallo ana ƙus-ƙus. Wannan kallon ne yake sa wasu su gwammace su maƙale a can ba takardu, suna ɓuya, suna turo hotunan da suka ɗauka a gaban motar wani. In ɗanku ko ƙanwarku ta zo ta ce ta fasa, ko za ta jira shekara mai zuwa, ko ta koma neman wata ƙasar, ku tambaye ta dalili da kyau, ku saurara, in kuɗinku ne a ciki ku zauna a yi maganar yadda za a biya a hankali. Kuma tun farko kafin a tara mata kuɗin tafiya, a ware na dawowa a ajiye gefe, a gaya mata suna nan duk ranar da ta buƙata.