Ranar da Na Rushe wa Gizo Gida a Beljiyam

Da abokin aikina ya ce zai kai ni gidan tarihi a Birasels, na ɗauka takubba da tsofaffin tukwane za mu gani, don haka na sa kaftani na kafa hular zanna. Sai da muka shiga wani tsohon gini, tsami irin na ƙullun da ya kwana uku ya daki hancina, sannan na gane gidan giya aka kawo ni, ni da ko tukunyar burukutu ban taɓa tsayawa kusa da ita ba. Kunya ta hana ni juyawa, na bi ayari ina istigfari a zuci.

Mai yi mana jagora ya bayyana cewa giyar sunanta lambic, da alkama da sha'ir ake dafa ta, kuma ba a zuba mata yisti. A ɗakin sama ya nuna mana wani faffaɗan faranti na jan ƙarfe inda ake juye ruwan da zafinsa ya kwana a buɗe, iska ta kawo masa abin da zai tsamar da shi, shi ya sa sai da sanyi ake aikin, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu. Daga nan sai gangunan katako, shekara 1 zuwa 3.

A tsakanin gangunan nan ne na jawo wa kaina. Na ga yanar gizo-gizo ta lulluɓe rufi da kusurwoyi, irin wadda da a ɗakin amarya aka gan ta da an yi shekara ana zancenta, sai tarbiyyar gida ta motsa, na cire hulata na share wata babba da ke saitin fuskata. Jagoran ya yi salati irin nasu, mutane duka suka juyo. Ashe da gangan ake barin gizo-gizo, domin shi ke cinye ƙananan ƙudajen da ke bin 'ya'yan itacen da ake zubawa cikin ganga da bazara. Gizon da a tatsuniya bai taɓa yin aikin kirki ba, a nan ma'aikaci ne mai daraja.

Wajen ɗanɗano na nemi ruwa, ina kallon abokina yana yamutsa fuska kamar wanda ya tauni ɗanyar tsamiya, yana kuma rantsuwa cewa da daɗi. Za mu fita ke nan jagoran ya ce in tsaya kada in motsa, ya miƙa hannu a hankali ya ɗauke gizon daga kan hulata, ya koma da shi ciki ba tare da ya yi mini sallama ba.