Ƙwallon kwandon mata: An daɗe ana ruwa ƙasa na shanyewa

A watan Afrilun 2024, kusan mutum miliyan 19 ne suka kalli wasan ƙarshe na ƙwallon kwandon mata na jami'o'in Amurka, tsakanin South Carolina da Iowa. Na maza bai kai miliyan 15 ba. Tun daga lokacin ake ta yayata cewa Caitlin Clark, tauraruwar Iowa a lokacin, ita ce ta raya wasan mata. Ba na musun gwanintarta, amma duk mai ganin daga kanta aka fara, bai bi labarin daga tushe ba.

A ƙarshen 1891 James Naismith ya ƙirƙiro wasan, shekara na zagayowa Senda Berenson ta kai shi kwalejin mata ta Smith. Sai dai an raba filin gida uku, kowace 'yar wasa ta tsaya a yankinta, kuma kada ta riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa uku, wai kada guje-guje ya yi wa jikin mace lahani. Dokar 1972, wadda ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya fifita namiji a kan mace, ita ta buɗe wa 'yan mata filaye da guraben karatu. A 1976 aka shigar da wasan gasar Olamfik a Montreal.

Cin abinci da wasan kuwa, nan gizo ke saƙa. Gasar ƙwararru ta WBL da aka kafa a 1978 kaka uku ta yi ta mutu. Wata gasar, ABL, ta zo a 1996, ta durƙushe a Disamban 1998 ana tsakiyar kaka. Gasar WNBA da ta fara a 1997 da ƙungiyoyi takwas ta tsira ne saboda NBA, gasar ƙwararru ta maza, ta tsaya mata, ta jure asarar shekarun farko. Duk da haka Houston Comets, wadda ta lashe kofuna huɗun farko a jere, an rufe ta a 2008.

Su kuma 'yan wasan, da kaka ta ƙare sai su ɗauki jaka zuwa Rasha, Turkiyya ko China, domin can ne kuɗin yake. A 2015 ƙungiyar Ekaterinburg ta Rasha ta biya tauraruwar WNBA Diana Taurasi don ta zauna ta huta, kada ta buga wasa a Amurka, kuma ta amince. Wannan ƙungiyar dai Brittney Griner, wata tauraruwar WNBA, za ta koma wa lokacin da aka kama ta a filin jirgin saman Mosko a Fabrairun 2022, ba ta dawo gida ba sai Disamba, bayan musayar fursunoni. Mace mai lambobin zinare na Olamfik, me zai kai ta ci-rani in da albashin gida ya wadatar?

Masu cewa WNBA ba ta kawo riba, don haka matan su gode wa Allah da abin da suka samu, sun manta wani abu. A 1980 NBA na da shekara 34, amma wasu wasanninta na ƙarshe ba kai tsaye aka nuna su ba, sai da dare ya raba aka sa na naɗe. Ba wanda ya ce a rufe ta. Masu jari sun yi haƙuri har ta nuna.

Yanzu ta matan ma ta fara nuna. A 2024 aka ƙulla yarjejeniyar nuna wasanni da Disney, Amazon da NBC, ta dala biliyan 2.2 a shekara 11. A shekarar ce albashin Clark na kakarta ta farko a WNBA ya kama dala dubu 76 da 'yan kai, alhali Victor Wembanyama, da aka fara zaɓa cikin sababbin 'yan wasan NBA a 2023, ya karɓi kusan miliyan 12. Ban ce a daidaita su ba, aljihun gasannin biyu ba ɗaya ba ne. Kaso mai ma'ana daga abin da guminsu ya kawo matan suka nema. Shi ya sa a wasan taurari na Yulin 2025 suka fito ɗumama jiki sanye da baƙaƙen riguna, an rubuta a ƙirji cewa a biya su bashin da suke bi.