Sabon shugaban ƙungiyar lafiya ya fara da sito

Idan 'yan uwanmu a Gadarif, Kasala, Damazin ko Mai Wurno na ƙasar Sudan suka tashi naɗa shugaban ƙungiyar agajin lafiya, yawanci likita ko babban ma'aikacin jinya suke ɗaukowa. Zaɓin yana da hujja, domin jama'a sun san shi, sun kuma yarda da hannunsa. Sai dai iya duba marar lafiya daban, riƙe ƙungiya daban. A ganina, wanda ya hau wannan kujera karon farko ya haƙura da ɗakin duba marasa lafiya na 'yan watanni, ya tare a sito da ofishin ma'aji. Daga nan ɓarna take farawa, tun kafin labarinta ya iso gadon asibiti.

A makon farko ya shiga sito da kansa, a ƙirga komai a gabansa, kwali bayan kwali. Kowane magani ya samu katinsa: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage, da ranar ƙarewar wa'adi. Inda kati ya ce ɗari aka tarar da saba'in, kada ya yi saurin kiran sunan ɓarawo, sau da yawa fitarwa aka yi ba a rubuta ba. Amma daga ranar, ba abin da zai fita sai da takarda mai sa hannu. Maganin da wa'adinsa ya fi kusa shi ake fara bayarwa, ko da jiya ya iso. Kuma ya koyi ƙin karɓar kyauta. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce maganin gudummawa ya zo da saura aƙalla shekara guda, domin wanda ya rage wata biyu kaya ne aka ɗora maka, kai za ka biya kuɗin ƙona shi.

Firiji kuwa yana buƙatar ido na musamman. Alluran rigakafi, insulin da allurar tsayar da jini bayan haihuwa suna zama ne tsakanin digiri 2 zuwa 8. A rubuta awon sanyin safe da yamma a takardar da ke manne a ƙofarsa. Zafi yana rage ƙarfin allurar haihuwa ba tare da kamanninta sun sauya ba, ungozoma ta yi wa mai jego, jini ya ƙi tsayawa. Ƙanƙara ma tana lalata wasu, irin rigakafin tetanus, saboda haka ba a jingina su da bangon da ke daskarewa.

Sai lissafin damina. Daga Yuni zuwa Oktoba baƙar lakar Gadarif da Sinnar tana riƙe mota kwana da kwanaki. A ce ƙaramin asibitin ƙauye yana cin kwali 300 na maganin zazzaɓin cizon sauro a wata, hanya kuma tana rufewa wata huɗu. Kwali 1,200 ke nan, amma zazzaɓin yana ƙaruwa ne a ƙarshen damina, don haka a duba rajistar bara ta Satumba da Oktoba, a ɗora wata guda na ko-ta-kwana, kaya su sauka a Mayu. Kwalarar da aka ayyana a Agustan 2024, wadda ta fara tsananta a Kasala da Gadarif, ta nuna abin da ake ajiyewa tun da wuri: ƙarin ruwa, ƙunshin gishiri da sukari da ake narkawa a lita ɗaya, da kulorin. Ma'aikata su haddace haɗinsa: kashi 0.05 cikin ɗari na wanke hannu, 0.2 na daɓe da gadaje, 2 na amai da bayan gida.

Wasu za su ce lokacin yaƙi ne, takardu ɓata lokaci ne. Na fahimci zafin da ke bayan maganar, amma ban yarda ba. Tun da yaƙin ya ɓarke a 15 ga Afrilun 2023 darajar fam, kuɗin Sudan, take zubewa, kuɗi kuma ya koma yawo ta Bankak, manhajar banki ta waya, wani lokaci ta asusun mutum ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. Mai neman kuɗi, mai amincewa da mai biya su zama mutum uku daban, kowane biya da rasit ko hoton shaidar turawa. Kuɗin da aka bayar don masu juna biyu kada a taɓa shi don albashi da niyyar mayarwa, domin nan ne mutanen kirki suke faɗawa. Da kuɗin magani ya shigo a saya, ajiye fam asara ce. Rajistar ƙungiya a hukumar agaji ta gwamnati (HAC) ma kada a bari ta wuce lokacinta.

Abin da ya fi nauyi ba ya cikin littafi. Kawu zai zo neman aiki wa ɗansa, mai unguwa zai so a kafa asibiti kusa da gidansa. Shugaba ya tarbe su da girmamawa, ya ce: "Baba, maganarka ta isa, amma kwamiti ne ke ɗauka." Wannan amsa tana aiki ne kawai idan kwamitin na gaske ne, mutum uku, da sharuɗɗa a rubuce tun kafin a san masu nema. Su kuma amintattun ƙungiya, ya riƙa kai musu rahoton shafi ɗaya kowane wata, ya fara da abin da ya lalace: maganin da ya ƙare, kuɗin da bai daidaita ba, da ma'aikacin da bai samu albashinsa ba.